Jagorar Lulluɓe Bayan Bakan Itace da Fatar Kifi

Baka da kwari sun daɗe a hannun mutanen ƙasar Hausa, a fagen yaƙi da kuma dajin farauta, har tarihi ya nuna cewa 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka tari dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a shekarar 1804, kuma har gobe sarautar Sarkin Baka tana nan a masarautu da dama a matsayin shugabancin maharba. Bakan da aka sani a wannan yanki itace ne guda, wanda ake sassaƙawa daga ɗunɗu ko dargaza ko gora, a ɗaura masa tsarkiyar fata murɗaɗɗiya. Lulluɓe bayansa da fatar kifi kuwa dabara ce da ta fi yaɗuwa a wurin masu sassaƙa baka na Amurka da Turai, ko da yake sarrafa fatar kifi tsohuwar sana'a ce a duniya, domin mutanen Nanai na bakin kogin Amur sun ɗinka tufafi da ita, Ainu na Japan kuma sun yi takalma.

Mazaunin kudancin birnin Kaduna yana da duk abin da aikin ke buƙata a kusa da shi. Kogin Kaduna ya bi ta gefen Barnawa da Nasarawa da Kudenda, ana samun ɗanyen kifi a Kasuwar Tasha da kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha, kuma fatar da ake nema sau da yawa tana cikin abin da masu yanka kifi ke zubarwa. Abin da ke ɓata aikin masu koyo rashin fahimtar amfanin fatar ne, domin yawancinsu suna zaton za ta ƙara wa baka ƙarfin harbi ko ta ceci itacen da aka sassaƙa ba daidai ba. Aikinta uku ne kawai: ta danne zaren itace kada sartse ya tashi, ta kuma kare bayan bakan daga laima da ƙarzuwa, sannan ta bar masa ado na zanen gurbin ɓawo.

Dalilin haka yana cikin yadda baka ke aiki. Bayan baka shi ne gefen da ke fuskantar abin hari, cikinsa kuma gefen da ke fuskantar maharbi, rassansa su ne sassa biyu masu lanƙwasa da ke sama da ƙasan mariƙi. Idan aka ja tsarkiya, zaren itacen da ke baya yana miƙewa, na ciki yana matsewa, kuma karyewar baka yawanci daga baya take farawa, inda zare ɗaya da aka yanke a wajen sassaƙa zai ɗaga, tsagar ta bi shi har reshen ya fashe. Fatar kifi tana da zaruruwa da suka sarƙe a gicciye kamar saƙa, abin da ya sa take da wuyar yagewa duk da rashin kaurinta, don haka idan ta kama itace da kyau sai ta hana wannan ɗagawar ta farko.

Kayan aiki

Ana buƙatar bakan da aka gama sassaƙawa, ya bushe sarai, ɗanyen kifi ɗaya ko biyu masu tsawon da bai gaza santimita 60 ba, wuƙa mai kaifi ta fiɗa da reza sabuwa, cokali ko wuƙa dakusasshiya ta kankara, allon katako mai santsi da ƙananan ƙusoshi, sabulun ruwa na wanke kwanuka, sifirit irin na kantin magani, samfefa mai ɗan kaushi da mai laushi, gam, ƙaramin gwangwani da tukunya, burushi, bandeji ko tsummokaran auduga da aka yayyaga a tsaye, zare mai ƙarfi, sai man sheƙin da kafintoci ke shafa wa katako ko kakin zuma.

Mataki na 1: Tantance bakan

Ba a ɗora fata sai an kammala daidaita lanƙwasar baka, wato an yi ta kankarar cikinsa ana ja a hankali har rassan biyu suka riƙa lanƙwasa bai ɗaya, babu inda ya karye kamar gwiwa, babu inda ya ƙage. Wanda ya liƙa fata a kan bakan da ke da rauni a wuri guda ya ɓoye aibin ne kawai, kuma ranar da zai karye ba zai ga alama ba. Itacen ya kasance ya yi watanni yana bushewa a inuwa, domin ɗanyen itace zai ci gaba da tsukewa a ƙarƙashin fata har ta yamutse. Mafi kyawun baya shi ne fuskar da ke ƙarƙashin ɓawon itace kai tsaye, wadda gizago bai taɓa ba, tun da zarenta ya tafi daga kai zuwa kai ba yankewa. Bakan gora kuwa a bar shi yadda yake, saboda fatarsa ta waje ita ce ƙarfinsa, tana da santsin da gam ba ya kamawa, kuma duk wanda ya kankare ta don gam ya zauna ya raunana bakan da hannunsa.

Mataki na 2: Zaɓen kifi da fiɗa

Giwan ruwa ya fi dacewa, domin fatarsa tana da ƙarfi da faɗi, gurbin ɓawonsa kuma yana barin zane mai kyau, amma matsakaici ake so, tun da ƙaton irin wanda ake nunawa a bikin kamun kifi na Argungu fatarsa ta yi kauri da nauyi. Bargi ma yana yi. Karfasa fatarta kyakkyawa ce, sai dai gajarta ke sa a yi ta haɗe-haɗe, tarwaɗa kuma, wadda ta fi kowane kifi samuwa saboda masu kiwo, ba ta da ɓawo amma tana da yauƙi da maiƙo mai yawa, don haka wankinta ya ninka na sauran. Kifin banda da soyayye da wanda ya fara ruɓewa ba su da amfani ko kaɗan, saboda zafi da ruɓa sun riga sun lalata zaren fatar, ƙananan kifayen ƙanƙara kuma fatarsu ta yi siriri da maiƙo.

Ana tsaga fatar a bayan kai, a bi da wuƙa ta gadon baya har wutsiya, a sake bi ta ciki, sannan a ɗaga gefe a riƙa ja da hannu ana taimakawa da bayan wuƙa, ta yadda kowane gefen kifi zai ba da falle guda. Fallayen nan biyu na kifi ɗaya su ne za a raba wa reshen sama da na ƙasa, domin kaurinsu da nauyinsu ɗaya ne, kuma bakan ba zai rinjaya gefe ba. A yi hattara da ƙayar tarwaɗa da ta ƙurungu da kaifin murfin kunnen giwan ruwa, domin raunin da suke yi yana saurin kumbura, kuma mai ciwo a hannu ya sa safar roba.

Mataki na 3: Kankare nama da ɓawo

A shimfiɗa fallen a kan allo, gefen nama yana sama, a kankare da cokali daga wutsiya zuwa kai har sauran nama da kitse da farar tantanin da ke manne su fita duka, fatar ta koma fes. Duk ɗan naman da aka bari zai ruɓe a ƙarƙashin gam, ya yi wari, ya kira tururuwa, kuma a daidai wurin fatar za ta saki itace. Sannan a juya, a cire ɓawo ɗaya bayan ɗaya ko a kankare shi a hankali ba tare da an yage gurbinsa ba. Masu koyo sukan so barin ɓawo saboda ƙyallinsa, alhali ɓawo ba ya miƙewa tare da itace, zai riƙa faɗuwa duk lokacin da aka ja bakan, yana fasa man da aka shafa a kai.

Mataki na 4: Cire maiƙo

Wannan shi ne matakin da aka fi yi wa gaggawa, kuma shi ne ya fi kowanne yanke hukunci a kan aikin, domin gam da maiƙo ba sa zama wuri ɗaya. A wanke fatar da sabulun kwanuka cikin ruwan sanyi, a murza ta tsakanin yatsu, a ɗauraye, a maimaita har sau uku ko huɗu, tarwaɗa kuma fiye da haka, sai ƙarni ya ragu ƙwarai kuma yatsa ya daina zamewa a kanta. Ruwan zafi haramun ne a nan, saboda fatar kifi tana dahuwa a zafin da fatar saniya ko akuya ba za ta ji komai ba, kuma da ta ji zafi sai ta ƙanƙance ta yi taushi kamar ganda. Haka nan ba a jiƙa ta cikin kanwa ko ruwan toka mai ƙarfi irin wanda majema ke zubar da gashi da shi, domin zai cinye ta. Idan an adana fatar da gishiri kafin a samu lokacin aiki, dole a jiƙa ta ana sauya ruwa har gishirin ya fita, in ba haka ba zai riƙa janyo laima daga iska duk damina.

Ba a jeme fatar da za a liƙa wa baka. Jima da bagaruwa tana mayar da fata mai laushi da miƙewa, abin da ake so ga jaka da takalmi, amma a bayan baka ɗanyar fata ake nema, wadda idan ta bushe take tsukewa ta ɗaure itacen tamau.

Mataki na 5: Shanya

A miƙe fallen a kan allo ba tare da ja mai tsanani ba, a kafe gefunansa da ƙananan ƙusoshi, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, a rufe da gidan sauro tsoho saboda ƙudaje, nesa da kyanwa da ɓera. Rana kai tsaye tana narkar da sauran maiƙo ya shiga cikin fata, tana kuma sa ta ƙanƙance. Idan ta bushe za ta yi kamar takarda mai ɗan kauri da haske ke ratsawa, kuma a nan ne ake gane aibinta: inda ya yi duhu da sheƙi maiƙo ne, sai a goge da sifirit ko a sake wanki, inda ya yi kauri kuma sai a bi gefen naman da samfefa mai laushi. A yanka ta tsiri-tsiri, faɗin kowanne ya ɗara faɗin reshe da kamar santimita 1 a kowane gefe.

Mataki na 6: Shirya bayan baka

A bi bayan bakan da samfefa a tsaye, bisa tafiyar zaren itace, gwargwadon abin da zai kawar da santsi kawai, domin gogewa a gicciye yanke zare ce, wato jawo matsalar da ake neman magancewa. A daƙushe kaifin gefuna kaɗan, saboda fata ba ta kwanciya a kan kusurwa mai kaifi. Sannan a goge da sifirit, nesa da wuta, kuma daga nan kada a sake taɓa wurin da hannu. Bakan da aka daɗe ana shafa wa man kaɗanya ko man shanu ya riga ya sha mai har ciki, kuma da wuya gam ya kama shi ko an goge.

Mataki na 7: Gam

Gam ɗin fata shi ne abokin wannan aiki, domin asalinsa ɗaya da fatar kifin, yana shiga jikinta, kuma yana tsukewa tare da ita. Ana samunsa ta hanyar dafa guntayen ɗanyar fatar shanu da aka cire wa gashi da kitse, a wuta marar ƙarfi na tsawon sa'o'i ba tare da ruwan ya tafasa ba, a tace, a ci gaba da ƙafar da shi har ya yi kauri. Lokacin aiki ana sa gwangwanin gam a cikin tukunyar ruwan zafi ya tsaya wajen digiri 60, saboda tafasa tana kashe ƙarfinsa. Farin gam na kafintoci ma yana yi, ya fi ba mai koyo lokacin gyara, sai dai ya fi jinkirin bushewa a ƙarƙashin fata. Gam ɗin masu gyaran takalmi ba ya daskarewa, yana nan kamar roba, don haka sartse zai ɗaga a ƙarƙashinsa, gam mai kamawa nan take kuma yana bushewa da gautsi, ya farfashe da an lanƙwasa reshe.

Kafin liƙi a shafa wa bayan bakan gam mai ruwa-ruwa sau ɗaya ko biyu, a bar shi ya bushe. Wannan shafin farko yana cika ƙofofin itace, in ba haka ba busasshen itace zai shanye gam ɗin liƙi ya bar fatar a kan wuri busasshe. Idan an riga an shimfiɗa wa bakan jijiya, wato agarar shanu da aka daka aka tsefe aka liƙa don ƙarin ƙarfi, to gam ɗin fata kaɗai za a yi amfani da shi, kuma sai jijiyar ta yi aƙalla wata guda tana bushewa, domin rufe ta da ɗanyenta kulle laima ne a ciki.

Mataki na 8: Liƙi

A jiƙa tsirin fatar a ruwan sanyi na kamar minti 15 har ya yi laushi, a matse shi cikin tsumma mai tsabta ya rage danshi kawai. A shafa gam a reshe da kuma gefen naman fatar, a ɗan jira zafinsa ya sauka zuwa ɗumi, sannan a ɗora, ɓangaren kan kifi wajen mariƙi, ɓangaren wutsiya wajen ƙarshen reshe. Hikimar wannan jeri ita ce fata ta fi faɗi da kauri wajen kai, kamar yadda reshe ya fi faɗi wajen mariƙi, kuma duk nauyin da aka ƙara a ƙarshen reshe yana rage gudun kibiya. A riƙa latsawa da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe, daga mariƙi zuwa ƙarshe, ana korar iska da rarar gam, har a ga siririn layin gam ya fito a gefuna biyu. Kumfar iska da aka bari tana bayyana daga baya kamar farin tabo mai amsa ƙwas idan an ƙwanƙwasa da farce, kuma nan ne fatar ke fara ɓallewa.

Idan tsiri ɗaya bai kai ba, a fiƙe bakin na biyu da reza ya yi siriri, a ɗora shi kan na farko da kamar santimita 1, a kuma kauce wa yin haɗin a inda reshe ya fi lanƙwasa. Fatar ta rufe baya ta ɗan sauko gefuna, amma kada ta zagaya ciki ko da bakan mulmulalle ne, saboda ciki matsewa yake yi, fatar da ke can yamutsewa za ta yi ta saki. A naɗe reshen da bandeji, naɗi mai kamawa ba mai shaƙewa ba. Robar cikin taya da wasu ke naɗawa tana hana iska shiga, tana kuma matse gam ɗin duka ya fita.

Mataki na 9: Bushewa da datsa

Bayan kamar sa'o'i 12 a warware bandejin a hankali, a jiƙa inda ya manne maimakon fizga, a duba kumfa: wadda aka samu a huda ta da allura, a tura ɗan gam mai ɗumi, a danne. Washegari a datse rarar fata da reza, ana jan rezar daga baya zuwa ciki don kada ta ɗaga gefe, sannan a bi da samfefa mai laushi ta wannan fuskar. A bar bakan a kwance a inuwa mako guda ko biyu ba a ɗaura masa tsarkiya ba, domin itacen ya sha ruwa daga gam, kuma jan sa a wannan hali yana bar masa lanƙwasa ta dindindin.

Yanayin Kaduna yana da hannu a wannan mataki. A tsakiyar damina, musamman watan Agusta, gam ɗin fata yakan yi kwanaki bai bushe ba har fumfuna ta hau shi, lamarin da ya fi tsanani a gidajen da ke kusa da kogi. A tsakiyar hunturu kuma, Disamba da Janairu, iska tana busar da gefuna kafin tsakiya, sai su naɗe su ɗaga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi ƙarfi, kuma wanda ya yi aikin cikin hunturu ya bar bandejin ya ƙara kwana, a cikin ɗaki rufaffe.

Mataki na 10: Ɗauri da rufi

A naɗe ƙarshen fatar da zare a wajen mariƙi da ƙarshen kowane reshe da kuma kowane haɗi, a shafe zaren da gam, domin daga baki ne ɓallewa ke farawa. Sannan a shafa man sheƙi siriri sau uku ko huɗu, ana barin kowane shafi ya bushe, a tabbata ya rufe layin da fata ta haɗu da itace. Ɗanyar fata da gam ɗin fata duka suna yin laushi su saki idan sun jiƙa, saboda haka kariyar da fatar ke bayarwa daga laima ba ta cika sai da wannan rufi. Kakin zuma da aka ɗumama aka murza yana yi, amma yana buƙatar sabuntawa kafin kowace damina.

Mataki na 11: Gwaji da adana

A ɗaura tsarkiya, a ja kaɗan a sassauta sau da dama, ana ƙara nisan ja sannu a hankali, ana kasa kunne: ƙarar ƙas-ƙas marar ƙarfi a ja na farko sau da yawa busasshen gam ne na gefe, amma ƙara guda mai kaifi alama ce ta itace, kuma a nan sai a tsaya a bincika. A sake duba lanƙwasar rassan, in ɗaya ya fi ɗaya tauri a kankare cikinsa kaɗan. Ba a sakin tsarkiya babu kibiya, domin duk ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya yana komawa cikin rassa ya fasa su. Gwajin harbi kuma a yi shi a fili mai tudun ƙasa a bayan abin hari, ba a tsakar gida ko lungu ba, tun da unguwanni irin su Kakuri da Narayi da Television cike suke da jama'a, kuma kibiyar da ta kuskure tana haura katanga.

Bayan kowane amfani a kwance tsarkiya, a rataye bakan a kwance a kan ƙusoshi biyu, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da rufin kwano saboda zafi, a cikin jakar yadi saboda kyankyaso da ɓera da ke cin gam ɗin fata. A farkon damina da farkon hunturu a bi gefunan da farce, inda ya ɗaga a tura gam a ɗaure tun yana ƙarami. Idan kuwa aka ga tsaga ta ratsa fatar a gicciye, to itacen da ke ƙasa ya riga ya karye, kuma abin da ya dace shi ne a ajiye wannan bakan a sassaƙa wani, domin sabuwar fata a kansa ba za ta hana shi fashewa a hannun maharbi ba.